Mutuwar 'yan tsakin zabi a Tamale: Amsar tana cikin hanta

Kowace shekara, da zarar ruwan farko ya sauka a Tamale da ƙauyukan da ke kewaye da ita, wato wajen watan Afrilu zuwa Mayu, sai zabi su fara zuba ƙwai, kasuwar Aboabo da babbar kasuwar gari su cika da shi. A lokacin ne iyayenmu mata a Zongo da Sabonjida da sauran unguwanni kan ware 'yan kuɗinsu su sayi ƙwan zabi su zuba wa kaza mai kwanci, tun da an san ba a cika barin zabuwa ta kwanta a kan nata ba. Bayan kwana 26 zuwa 28 sai gida ya cika da kukan 'yan tsaki, maigida ya fara lissafin abin da zai samu idan bikin Damba ko Sallah ko Kirsimeti ya zo. Amma kafin a yi mako biyu, sai a riƙa wayar gari ana tsintar gawa ɗaya, gobe biyu, jibi uku, har akurki ya koma wayam.

Wannan ba ƙaramar asara ba ce. A Arewacin Ghana zabo shi ne asusun talaka: da shi ake biyan kuɗin makaranta, da shi ake sayen magani, da shi ake karrama baƙo da surukai. Masu bincike na Jami'ar UDS, wadda aka kafa a Tamale a 1992, da takwarorinsu na Cibiyar Binciken Dabbobi da ke da reshe a Nyankpala, sun sha bayar da rahoton cewa a gidaje da yawa fiye da rabin 'yan tsakin zabi ba sa kaiwa wata biyu. Dalilan suna da yawa, akwai tsutsar ciki, akwai ƙwayoyin cuta, akwai shirwa da shaho. Sai dai mutuwar makon farko tana da nata labarin daban, kuma idan muna son fahimtarsa dole mu leƙa wani wuri da ba mu saba kallo ba sai a kan tiren mai gashi, wato hanta.

Guzurin da ke cikin ƙwai

Hausawa na cewa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ruwan cikin ɗan tsako shi ne gwaiduwa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na gwaiduwa maiƙo ne zalla, ƙwan kaza mai nauyin giram 60 yana ɗauke da maiƙo kimanin giram 5 zuwa 6. Masana sun tabbatar da cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da ɗan tsako ke amfani da shi wajen ginuwa a cikin ɓawo daga ƙona wannan maiƙon yake samuwa. Kuma ba a hankali yake shan sa ba, mafi yawansa a makon ƙarshe na kwanci ne yake kwarara zuwa jikinsa, hanta kuwa tana cikin manyan wuraren da yake sauka.

Kwana ɗaya ko biyu kafin ƙyanƙyasa, wato rana ta 19 zuwa 20 a ƙwan kaza da ke yin kwana 21, sai ɗan tsako ya janye jakar gwaiduwar da ta rage zuwa cikin cikinsa ta cibiya, cibiyar ta rufe. Saboda haka duk ɗan tsakon da muka gani ya fasa ɓawo, yana ɗauke da guzurin giram 5 zuwa 7 a cikinsa, wanda zai ƙarasa shanyewa a cikin makon farko. A cikin guzurin nan har da garkuwar jikin da uwa ta zuba, wadda za ta kare shi daga wasu cututtuka kafin nasa jikin ya iya. An fi yin wannan bincike a kan kaza, amma zabuwa 'yar'uwarta ce ta kusa, tsarin ƙwai da na hanta duk iri ɗaya ne. Bambancin shi ne ɗan tsakon zabinmu na gida ƙarami ne, bai cika wuce giram 25 zuwa 28 ba, don haka guzurinsa ma ya fi ƙanƙanta, ya fi saurin ƙarewa.

'Yan dakon kitse

To a nan ne wata matsala take. Duk wadda ta taɓa zuba man gyaɗa a ruwa ta san ba sa haɗuwa. Cikin ƙwayoyin halittar hanta kuwa ruwa ne. Ta yaya maiƙo zai yi tafiya a cikin ruwa ya kai inda ake buƙatarsa? Bugu da ƙari, idan jiki ya farfasa maiƙo zuwa ƙananan gutsattsarinsa, gutsattsarin nan suna da hali irin na sabulu. Ba mamaki, ai da man kaɗe da ruwan toka ake yin sabulun gargajiya. Idan suka taru sakaka babu mai riƙe su, sai su fara narkar da bangon ƙwayoyin halittar da kansu.

Maganin da Allah ya yi wa wannan shi ne waɗansu ƙananan sinadaran furotin da masana ke taƙaita sunansu da haruffan FABP, mu kuwa za mu kira su 'yan dakon kitse. Siffar kowane ɗaya kamar ɗan gora ne mai murfi. Bayansa yana jituwa da ruwa, cikinsa yana jituwa da maiƙo. Sai gutsuren maiƙo ya shige ciki, ɗan dako ya ratsa da shi cikin ruwan ƙwayar halitta ya kai shi ɗaya daga cikin wurare uku: ko murhun da za a ƙona shi a samu ƙarfi da ɗumin jiki, ko ma'ajiya, ko kuwa wurin da ake ɗaure shi cikin ƙunshi a tura ta jini zuwa tsoka da ƙarƙashin fata. Duk wanda ya san kasuwar Aboabo ranar da tireloli suka sauke masara ya san abin da zai faru idan 'yan dako suka yi ƙaranci: kaya za su jibge a bakin hanya, mai saye bai samu ba, hanya kuma ta toshe.

Wani likita mai suna Robert Ockner da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco a Amurka ne suka bayyana waɗannan 'yan dako a 1972, bayan binciken da suka yi a kan hanji da hanta da zuciyar ɓeraye. Daga baya aka gano cewa hantar kaza tana da iri biyu. Na farko irin wanda mu ma muke da shi ne, ana samunsa a hanta da hanji. Na biyu, wanda masana a ƙasar Italiya suka tace daga hantar kaza a 1988, ana samunsa a tsuntsaye da kifi da kwaɗi da dangin ƙadangare, amma babu shi a mutum ko saniya ko akuya. Shi wannan na biyun ya fi ƙwarewa wajen ɗaukar sinadaran ruwan maɗaciya, wato ruwan nan kore mai ɗaci da hanta ke yi domin narkar da maiƙo a hanji.

Me ya sa tsuntsu yake buƙatar 'yan dako har iri biyu a hanta? Domin aikin hantarsa ya fi na dabba yawa. A jikin tsuntsu, maiƙon da ya ci yana tashi daga hanji ya zarce hanta kai tsaye ta jijiyar jini. Har ila yau, kusan duk kitsen da tsuntsu ke ƙerawa daga hatsi a hanta ake yin sa, saɓanin saniya ko tunkiya da suke yin nasu a inda ake ajiye kitsen. Wato dai hantar kaza ita ce tasha, ita ce masana'anta, ita ce kuma wurin lodi.

Mako guda na sauyi

A ranar ƙyanƙyasa, hantar ɗan tsako ta saba da aiki ɗaya kawai, karɓar maiƙo daga gwaiduwa. Cikin 'yan kwanaki dole ta koyi wani sabo, wato karɓar sitacin masara da dawa da gero ta mayar da shi ƙarfi da kitse. Bincike ya nuna yawan 'yan dakon kitse a hanta yana ƙaruwa sosai bayan ƙyanƙyasa, a daidai lokacin da ɗan tsako ya fara cin abinci. Haka nan hanji yana girma da sauri fiye da sauran jiki a wannan makon, ruwan maɗaciya ma yana ƙaruwa. Abincin da ya shiga ciki shi ne ke tayar da duk wannan aiki.

Wannan ne ya kawo mu ga wata magana da ta zama ruwan dare a tsakaninmu, cewa ɗan tsako ba ya buƙatar komai sai bayan kwana uku domin yana da gwaiduwa. Gaskiya ne zai iya rayuwa, amma rayuwa daban, ƙoshin lafiya daban. A shekarun 1990 wasu masana biyu a ƙasar Isra'ila, Yael Noy da David Sklan, sun nuna cewa ɗan tsakon da aka ba abinci da wuri ya fi wanda aka bari da yunwa saurin shanye gwaiduwarsa, domin motsin hanji yana taimakawa wajen jawo ta. Wanda aka bari da yunwa kuwa, sai ya ƙone guzurin da ya kamata ya gina jikinsa da garkuwarsa, don kawai ya kai gobe.

Abubuwa uku da ke karya hanta

Na farko shi ne jinkiri. Masu kiwon kajin turawa a Tamale sun fi kowa sanin wannan, domin yawancin 'yan tsakinsu daga Kumasi ko Akra suke zuwa, wasu ma daga Turai ta jirgin sama. Daga Kumasi zuwa Tamale tafiyar kusan kilomita 380 ce, daga Akra kuwa kimanin 600. Ga shi kuma ƙwai ba ya fashewa lokaci ɗaya a injin ƙyanƙyasa, tsakanin na farko da na ƙarshe akan samu tazarar yini guda ko fiye. Saboda haka abin da aka sayar mana a matsayin ɗan kwana ɗaya, wataƙila ya kwana biyu ko uku bai ga ruwa ba. Duk wanda ya yi odar 'yan tsaki ya kamata ɗaki ya yi ɗumi, ruwa da abinci suna ajiye tun kafin mota ta iso tasha. A gida ma haka ne, waɗanda suka riga fitowa kada a bar su suna jiran kaza ta gama da sauran ƙwai har kwana biyu.

Na biyu shi ne sanyi. Mai karatu zai ce wane sanyi a Tamale, garin da zafi kan kai digiri 40 a watan Maris? To ai zabi ba a Maris suke ƙyanƙyasa ba, da damina ne. Ɗan tsako ba ya iya daidaita ɗumin jikinsa sai ya yi kusan mako biyu, kuma a makon farko yana buƙatar ɗumin digiri 32 zuwa 35. Daren marka a Tamale kuwa yakan sauka zuwa 22 ko 23. Abin da mu muke jin daɗin barci da shi, shi a wurinsa hunturu ne. Idan kaza ta ja su cikin ciyawa mai raɓa da asuba suka jiƙe, sai hanta ta tura duk maiƙon da ya rage zuwa murhu don neman ɗumi, ɗan tsako ya takure ya daina ci, rashin cin ya ƙara hana hanta kammala sauyinta. Maganin wannan ba mai tsada ba ne: a killace su aƙalla mako huɗu zuwa shida a wuri busasshe, a shimfiɗa buntun shinkafa ko dusar katako, a sa tukunyar garwashi ko fitila, a bar kafar da iska za ta shiga saboda hayaƙi. Su da kansu za su gaya mana: idan suka cunkushe a jikin wuta sanyi suke ji, idan suka gudu bango suna haki zafi ya yi yawa, idan suka bazu suna ci to an dace.

Na uku, wanda ya fi ɓoyuwa, shi ne funfuna. Mun saba idan masara ko gyaɗa ta yi baƙi ko kore a rumbu, sai a tsince mai kyau a kai niƙa, ruɓaɓɓiyar a ce a watsa wa kaji. A irin wannan hatsin ne wata funfuna ke tsirowa tana fitar da gubar da ake kira afalatoksin. Kiwon tsuntsaye ne ma ya tona asirinta: a 1960 'yan talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila, da aka bi diddigi sai aka tarar tunkuzar gyaɗa ce da aka shigo da ita daga Barazil. Hanta ce wurin da gubar ke sauka. Tana hana ta ƙera sinadaran furotin yadda ya kamata, musamman waɗanda ke ɗaure maiƙo a fitar da shi, sai maiƙo ya shiga ya kasa fita, hanta ta kumbura, ta koɗe, ta yi taushi. Ƙananan tsuntsaye sun fi manya jin jiki, agwagwa da talotalo kuma sun fi kaza. Dafawa ko suya ba sa kashe gubar. Kuma ba tsuntsu kaɗai take ci ba, a 2004 mutane 125 suka rasu a Kenya bayan cin masara mai ɗauke da ita, sannan an tabbatar tana jawo sankarar hanta ga ɗan Adam.

A nan rigakafi tun daga gona yake farawa. A girbe a kan lokaci, a shanya a kan tamfol maimakon ƙasa, a tabbata hatsi ya bushe ƙarau kafin a ɗura a buhu, a ɗora buhunan a kan katako nesa da bango. Tun 2018 an ƙaddamar da Aflasafe a Ghana, wanda cibiyar IITA ta samar, ana watsa shi a gonar masara ko gyaɗa mako biyu zuwa uku kafin fure domin funfuna marar guba ta riga mai guba kama wuri. Hatsin da ya riga ya ruɓe kuwa, a binne shi ya fi. Araha ba ta ado.

Abin da za a zuba musu

Ɗan tsakon zabo yana buƙatar abinci mai furotin kashi 24 zuwa 26 cikin 100 a makonnin farko, masara kuwa ba ta kai kashi 10 ba. Don haka ɓarzajjen hatsi shi kaɗai ba zai gina 'yan dako ba, tun da su kansu furotin ne. Kakanninmu sun gane haka tun ba a zo da littafi ba, shi ya sa har gobe manomi a ƙasar Dagomba yake kifa tukunya mai kashin shanu da karan masara a kan hanyar gara da yamma, da safe ya kwaso ya zuba wa 'yan tsaki. Gara tana da furotin, tana da maiƙo mai sauƙin narkewa. Waken suya, wanda yankinmu ke nomawa da yawa, shi ma yana yi, amma sai an soya shi, domin ɗanyensa yana hana narkewar abinci. Garin busasshen kifi ma haka. Wanda ke da hali ya sayi abincin 'yan tsaki na buhu, ya duba ranar da aka yi shi, ya shinshina, idan yana warin tsami ko ya dunƙule ya bar shi.

Kada kuma jin labarin maiƙo ya sa mu kwarara musu manja ko man kaɗe. A makon farko ruwan maɗaciya bai wadata ba, ba za su iya narkar da maiƙo mai yawa ba, musamman mai daskarewa. Ruwan sha kuwa a sa a faranti marar zurfi, a zuba tsakuwa a ciki don kada su faɗa su jiƙe.

A koyi karanta hanta

Idan aka fara mutuwa, abin da muka fi yi shi ne garzayawa kanti a sayo kafso a fasa a ruwa. Kafin haka, ya fi kyau a kai gawa ɗaya ko biyu da ba su daɗe da mutuwa ba wurin jami'in dabbobi ya buɗe. Muna da ofishin likitocin dabbobi a cikin gari, ga kuma ɗakin gwaje-gwaje da kwalejin koyon lafiyar dabbobi a Pong-Tamale, a kan hanyar Bolgatanga.

Abin da za a gani yana da ma'ana. Hantar ɗan tsako a kwanakin farko rawaya ce, kuma wannan ba ciwo ba ne, launin gwaiduwa ne da maiƙonta. Da yawa sukan tsorata su ce shawara ce. A hankali take rikiɗewa, wajen mako biyu ta koma ja mai duhu irin wadda muka sani. Idan ɗan mako uku ko huɗu yana da hanta koɗaɗɗiya, kumburarriya, mai saurin farfashewa, to a fara tuhumar abinci. Idan aka tarar da jakar gwaiduwa ba ta shanye ba, ta yi ruwa tana wari, cibiya ta kumbura, wannan ƙwayar cuta ce da ta shiga ta ƙazamin ƙwai ko ƙazamin wurin kwanci. Idan kuwa maƙoshi da ƙundu da hanji babu komai, maɗaciya ta cika tam, ƙafafu sun bushe, to yunwa da ƙishirwa ne, babu kafson da zai yi maganinsu.

Masu kajin ƙwai ma su lura, domin labarin bai ƙare a ƙuruciya ba. Gwaiduwar kowane ƙwai a hantar kaza ake haɗa kayanta, jini ya kai su mahaifa. Kazar da ke keji ba ta motsi, tana cin masara fiye da kima, ga zafin Maris da Afrilu, kitse kan taru a hantarta har ta fashe ta zubar da jini a ciki. Shi ya sa wani lokaci kazar da ta fi ƙiba ita ake tararwa a mace. Uwar da hantarta ba lafiya kuwa, guzurin da za ta ɗaura wa ɗanta ma ba zai cika ba.

Kira ga hukuma

Idan ba a manta ba, hukumar raya yankin Arewa ta SADA, wadda aka kafa a 2010, ta shiga harkar kiwon zabi a 2012, shirin da ya ƙare da ce-ce-ku-ce a kan yadda aka kashe kuɗi. A 2019 aka ƙaddamar da shirin kiwo domin abinci da ayyukan yi a garin Wa, a 2025 kuma gwamnati ta fito da Nkoko Nkitinkiti na raba kaji ga gidaje. Ba mu ƙi rabo ba, amma abin da muke roƙo shi ne a riƙa auna nasara da yawan waɗanda suka kai wata biyu da rai, ba yawan waɗanda aka sauke daga mota ba. A ƙarfafa wuraren ƙyanƙyasa a nan Arewa don a rage doguwar tafiya, a riƙa gwada masara da abincin kaji a kasuwanninmu, a kuma tura malaman gona unguwa-unguwa kafin damina, su yi bayani da Dagbani da Hausa.

Mu kuma masu kiwo, abin da ke hannunmu bai fi ƙarfinmu ba: ruwa da abinci tun ranar farko, ɗumi da wuri busasshe, da hatsin da mu ma za mu yarda mu ci. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Allah ya sa wa kiwonmu albarka, ya ba mu damina mai amfani.